Yaron da ya yi shiru ya fi mai ihu ban tsoro

Ƙarfe biyu na dare, yara biyu ba lafiya. Na farko jikinsa kamar garwashi, kin sa masa ma'aunin zafi ya nuna 39.5, yana ta tsala ihu yana ture hannunki, amma da kika miƙa masa ruwa ya karɓa ya kwankwaɗa, can ya hango wayarki ya miƙo hannu wai a ba shi. Na biyu zafinsa bai kai haka ba, 38 ne kawai, ba kuka ba rigima, ya kwanta laƙwas, kin kira sunansa ya buɗe ido da ƙyar ya sake lumshewa, kin sa masa nono ya ɗan taɓa ya saki. Wanne za ki saɓa a kafaɗa ki yi asibiti da shi a daren nan?

Yawancinmu na farkon za mu ɗauka, don shi ne ya hana kowa barci. Na biyun ma har hamdala ake yi, a ce ai ya samu barci, a bar shi ya huta. Toh na biyun nan shi ne wanda bai kamata ya kai asuba a gida ba.

Dalili shi ne jikin yaro ya iya ɓoye ciwo. Idan ruwan jikinsa ya ragu, ko ƙwayar cuta ta shiga jininsa, zuciya sai ta ƙara gudu, jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke don a tura jinin ga ƙwaƙwalwa da zuciya, numfashi ya ƙara sauri, duk jikin yana ta fafutuka a ciki alhali a waje yaro yana zaune, har awon jininsa ma sai a gan shi daidai. Haka zai yi ta riƙewa har ƙarfin ya ƙare, in ya ƙare kuma ba a hankali yake sauka ba, lokaci ɗaya ne. Shi ya sa kike jin ana cewa "wallahi da safe ma wasa yake yi". Gaskiya suka faɗa, wasan yake yi. Kuma kuka kansa ƙarfi yake ci, yaron da ke da ƙarfin shure-shure da ihu yana da sauran ajiya, wanda ya daina kukan alhali ba sauƙi ya samu ba, ajiyar ce take ƙarewa.

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da wani tsari na duba yara 'yan ƙasa da shekara 5, an yi shi ne don ma'aikacin lafiya da ba shi da ɗakin gwaji ba shi da na'urar hoto, sai idonsa da hannunsa da agogo. Abin da ya burge ni da tsarin, kafin a tambayi tari ne ko gudawa ne ko zazzaɓi, abu huɗu ake fara dubawa: yaron yana iya sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, sannan a farke yake sosai ko ya langaɓe ba ya gane mutane. Ko ɗaya aka samu a ciki an gama magana, sai babban asibiti. Kin ga duk huɗun babu wanda uwa ba za ta iya gani da idonta ba.

Amma a gane su da kyau. Ƙin cin abinci daban, kasa sha daban. Kusan duk yaron da ba shi da lafiya zai ƙi abinci kwana ɗaya biyu, wannan ba abin tayar da hankali ba ne in dai yana shan ruwa yana kama nono. Wanda ake magana shi ne wanda ba shi da ƙarfin tsotsa ko haɗiya, ki ɗura masa ya dawo ta gefen baki. Haka amai, yaron da ya yi amai sau biyu sau uku amma tsakani yana riƙe ɗan ruwa ba shi ake nufi ba, wanda ko cokali ɗaya na ruwa ba ya zama a cikinsa ake nufi, don shi ko magani kika ba shi a banza ne, fita zai yi.

Sai numfashi, nan ne nake so a tsaya sosai, don shi aka fi wucewa ba a gani ba. Limoniya, wato ciwon huhu, ita kaɗai ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a 2019 a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma galibi da mura da tari take farawa, irin wanda kowa ke cewa sanyi ne zai wuce. Mu kuma kunne muke sawa, muna sauraron tari, in tarin ya yi ƙara mu tsorata in ya lafa mu kwantar da hankali. Ƙarar tari ba ta nuna komai. Ɗaga rigar za ki yi ki kalli ƙirji da ciki.

Ki bari ya natsu ko yana barci, ba lokacin da yake kuka ko yake shan nono ba, ki sa agogon waya ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Kada ki ƙirga na sakan 15 ki ninka, jarirai numfashinsu ba ya tafiya a jere, su yi sauri su ɗan tsaya su ci gaba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kin samu haka ki sake ƙirgawa, in ya maimaita toh a ranar za a ga likita, ba gobe ba, kuma sirof na tari ba ya taɓa limoniya ko kwalba nawa ya sha.

Bayan ƙirga sai ki kalli ƙasan haƙarƙari. Mai lafiya in ya ja numfashi ƙirji da ciki tare suke tasowa. In kika ga lokacin da yake jan iska ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki kamar ana zuƙe shi, huhun ne ya yi nauyi yaron yana aikin ƙarfi kafin ya samu iska. Jarirai sabbin haihuwa suna ɗan yin haka kaɗan saboda ƙashinsu bai yi ƙwari ba, amma in rami ne sosai da za ki hango daga nesa wannan ba lafiya ba ne. Ga kuma wasu da ba a jira da su ko na awa ɗaya: hanci yana buɗewa yana rufewa da kowane numfashi, nishi a ƙarshen kowane numfashi kamar mai ɗaga kaya, kai yana gyaɗawa tare da numfashin, wata ƙara mai kaushi lokacin jan iska alhali yaron a natse yake, numfashi ya ɗauke na wasu sakanni masu yawa, ko babban yaro mai asma ya kasa haɗa magana ɗaya sai ya tsaya ya yi haki. Littattafai za su ce leɓe ya yi shuɗi, toh a baƙar fata ba lallai ki ga shuɗi ba, buɗe bakin ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe, in sun yi toka-toka ko sun dushe, oksijin ne ya yi ƙasa.

Jariri kuwa dokarsa daban ce gaba ɗaya. A 2022 yara kusan miliyan 4.9 ne suka rasu a duniya kafin su cika shekara 5, kuma wajen miliyan 2.3 a cikinsu ba su wuce kwana 28 da haihuwa ba. Garkuwar jikin jariri ba ta nuna ba tukuna, cuta tana iya tashi daga cibiya ko fata ta shiga jini ta kai ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i. Don haka duk jaririn da bai kai wata 3 ba zafinsa ya kai 38, asibiti ne kai tsaye, ko yana murmushi, kuma kada a ba shi farasitamol a ce bari a gani. Abin da mutane ba su cika sani ba, jariri mai ciwo mai tsanani sau da yawa ba ya ma yin zafin, sanyi yake yi, in ma'auni ya nuna ƙasa da 35.5 kuma kin rufa shi kin rungume shi bai ɗumama ba, wannan ya kai zazzaɓi haɗari. Haka jaririn da jiya yake kama nono da kyau yau ya daina, ko wanda ba ya motsi sai an taɓa shi, ko cibiya ta yi ja har jan ya bazu kan fatar ciki tana fitar da mugunya. Ciwon shawara ma, jarirai da yawa suna ɗan yin rawaya a kwana na biyu zuwa na uku ta wuce, amma wadda ta fito a ranar farko ta haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da tafin ƙafa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar lahanin da ba ya gyaruwa.

Mu koma kan zazzaɓi, tunda shi ne ya fi firgita mu. In yaro ya wuce wata 6, lambar da ma'auni ya nuna ba ita ce ke faɗa miki girman ciwon ba, mura ta yau da kullum tana iya kai yaro 40, sanƙarau kuma ya zo da 38.5. Farasitamol sauke zafi yake yi ya rage raɗaɗi, ba ya kashe abin da ya kawo zafin, kuma don zafi ya sauka bayan an sha shi ba yana nufin ciwon ƙarami ne ba. Amfaninsa a wurina shi ne yana ba ki damar ganin yaron na gaskiya, bayan kamar awa ɗaya ki dube shi, ya tashi zaune ya nemi ruwa ya fara ƙiriniyarsa, ko zafin ya sauka amma shi yana nan a yashe kamar yadda yake? In na biyun ne kada ki jira lokacin shan magani na gaba.

Kuma a yi hattara da shi kansa maganin. Da nauyin yaro ake aunawa, wajen miligiram 15 a kowane kilo, kada ya wuce sau 4 a awa 24, sannan magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai uwa ta haɗa biyu ba ta sani ba ta ninka masa, hanta kuma ita ke ɗaukar dukan. Asfirin kam ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai in likita ne ya rubuta, saboda wani ciwo da ake kira Reye mai kumbura ƙwaƙwalwa ya lalata hanta. Sai maganar haƙori, Allah sarki haƙori, laifin da aka ɗora masa ya fi ƙarfinsa. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ba ta kawo gudawa mai tsanani, kawai dai shekarun fitar haƙori su ne shekarun da yaro ke rarrafe yana kai komai baki.

A inda ake fama da maleriya, duk zazzaɓin yaro a yi gwajin jini cikin awa 24, don a ƙananan yara tana iya juyewa ta zama mai tsanani cikin kwana ɗaya. Ki riƙa buɗe tafin hannunsa ki gwada da naki, in ya yi fari fat, ko cikin fatar ido ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu sosai, jini ne yake ƙarewa. Yaro mai sikila shi ko 38 ya taɓa ba a kwana da shi a gida. Zazzaɓin da ya kai kwana 5 ma a kai a duba ko yaron yana wasa.

Akwai wani ɗan gwaji mai sauƙi. In jiki da zafi amma hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau, ki danna farcensa ko tsakiyar ƙirjinsa na sakan 5 ki saki, wurin zai yi fari sannan jini ya dawo. In ya wuce sakan 3 bai dawo ba, jinin ba ya zagayawa yadda ya kamata, wannan tsukewar jijiyoyin ce da na faɗa a sama kike gani da idonki.

Jijjiga ita ce ke sa gida ya rikice kowa ya rasa abin yi. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 wasunsu zazzaɓi yana sa su jijjiga, yawanci ba ta kai minti 5 take tsayawa da kanta kuma ba ta barin illa. Abin da ke cutar da yaron sau da yawa shi ne abin da aka yi masa a ruɗe. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, ba ya haɗiye harshensa, ba a taɓa yi ba. Kada a ɗura masa ruwa ko magani ko wani abu, huhu zai tafi. Kada a danne shi. Ki kwantar da shi a gefensa a ƙasa, ki kawar da abin da zai buge, ki dubi agogo, in da wani a kusa ya ɗauki bidiyo don likita zai so ya ga yadda ta yi. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba a tafi da shi a haka. In ta tsaya ma, matuƙar ita ce ta farko, ko ta dawo a rana ɗaya, ko gefe ɗaya na jiki ne ya yi, ko yaron bai dawo hayyacinsa ba bayan ta wuce, a tafi. Ba a gida ake tantance ta zazzaɓi ce kawai ko maleriya ce ta hau kai ko sanƙarau ba.

Shi sanƙarau, a babban yaro za ki ga ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ya kasa sunkuyar da haɓarsa ta taɓa ƙirji, haske yana damunsa. A jariri wuyan ba lallai ya sanƙare ba, maɗiga ce za ki ga ta kumburo ta yi tauri alhali ba kuka yake ba, ga wani kuka siriri mai tsini da ba irin nasa ba, in an ɗauke shi ma ya ƙara. In wasu ɗige-ɗige ja ko masu duhu suka fito kamar an tsira allura, ki danna gefen kofin gilashi a kai, ƙurajen yau da kullum suna dushewa in an danna, waɗanda ba su dushe ba jini ne ke tsiyaya ƙarƙashin fata kuma wannan na minti ne ba na awa ba. A fata mai duhu ki neme su a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido da ganda.

Gudawa da amai kuwa ba su ne ke kisa ba, ƙarewar ruwa ce. Yawancin yara a gida za su warke da ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, a dama leda ɗaya a yawan ruwan da aka rubuta a jikinta, galibi lita 1, kada a rage ruwan wai don ya fi ƙarfi. Bayan kowace gudawa ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali, nono kuma ba a dainawa. Sai maganin zink na kwana 10 zuwa 14. Lokacin da gida ya gaza shi ne in ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yana kuka ba hawaye, baki ya bushe, famfas ya wuni a bushe wajen awa 8 ba fitsari, ko ki tsunkuli fatar cikinsa ki saki ta tsaya a tattare fiye da sakan 2. Ki lura da wannan, yaron da ke wawurar kofi yana sha da haɗama ruwansa ya ragu amma da sauransa, wanda ya daina nema ma gaba ɗaya shi ne ya fi nisa, ƙarin ruwa a asibiti yake buƙata. Jini a kashi ma na asibiti ne.

Wasu kuma ba ruwansu da zazzaɓi. Amai kore shar yana iya nufin hanji ya toshe. Jaririn da ke ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi shiru ya yi fari, bayan 'yan mintuna ya sake, hanji ne mai yiwuwa ya shige cikin ɗan'uwansa. Yaro namiji ya tashi da ciwon maraina farat ɗaya, awa 6 ake da su kafin a rasa shi, kuma yara kunya suke ji su ce ciki ne, ku iyaye maza ku riƙa tambaya kai tsaye. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli in aka haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa 2 ko yaron bai nuna komai ba. In kananzir ko fetur ko ruwan wanke-wanke ya sha kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a tafi da ita. Wanda ya faɗi ya bugu a kai, in ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci yana ta fizgarsa, a kai shi. Fuska da leɓe su kumbura bayan cin wani abu ko shan magani ko harbin ƙwaro, ga numfashi yana wuya, shi ma haka. Sai yaron da ya yi kwanaki yana shan ruwa kamar me yana fitsari ba ƙaƙƙautawa yana ramewa, yau kuma ga amai da numfashi mai zurfi, a ce a gwada suga, yara ma suna yinsa.

In tafiyar ta kama, ki kwashi duk magungunan da kika ba shi da kwalayensu, ki riƙe lokacin da kika ba shi na ƙarshe. A hanya jariri ya kasance a jikinki da ɗumi, in yana iya sha a ci gaba da ba shi nono ko ORS, in ba ya cikin hayyacinsa kada a sa masa komai a baki. Da kin isa kada ki bi layi ki zauna shiru don kunya, sashen gaggawa ba da wanda ya riga zuwa yake aiki ba, da wanda ya fi jin jiki yake aiki, amma sai sun sani. Kuma kada ki ce wa nas "ba shi da lafiya ne", kowa a wurin ba shi da lafiya. Ki ce ya yi jijjiga sau biyu, ko na ƙirga numfashinsa 64, ko tun safe bai yi fitsari ba, ko kwanansa 10 da haihuwa ya daina kama nono.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ke kika san kukansa na yunwa da na rigima, in kika ji a ranki wannan ba yaronki ba ne yadda kika san shi, ki faɗa wa likita haka, likitocin yara suna ɗaukar wannan maganar da muhimmanci. In an duba shi an ce ku koma gida, kafin ki fita ki tambaya me zan gani in dawo. Abin da likita ya gani ƙarfe 10 na safe shi ya gani, ciwon yara kuma yana sauya fuska kafin la'asar, don haka in ya ƙara lalacewa a koma ko awa uku ba a yi da barin wurin ba, kuma a daren nan ki sa ƙararrawar waya ki tashi sau ɗaya ko biyu ki ɗaga rigarsa ki ƙirga, ki taɓa shi ki ga ya motsa ya buɗe ido ya gane ki.